Ciwon a Kai Yake: Sharhi kan Shanyewar Ɓarin Jiki a Mafara, Bakura da Maradun

Daga Talatar Mafara zuwa Bakura, ka juya ka nufi Maradun, da wuya ka shiga unguwar da babu wani dattijo ko wata dattijuwa da ke jan ƙafa ɗaya, hannu a lanƙwashe a ƙirji, baki ya karkace gefe. Kowa a unguwar ya san gidan. In ka tambayi iyalin yadda abin ya faru, labarin kusan ɗaya ne ko'ina: "Lafiya lau muka rabu da shi da dare. Da asuba ya zaga bayan gida, sai faɗuwarsa muka ji." Wani a bakin gona abin ya same shi, wata kuwa tana cikin tuƙa tuwo muciya ta suɓuce mata. Daga nan sai fassara ta biyo baya. Wasu su ce iska ce ta buge shi, wasu su ce jifa aka yi masa, wasu su ce ruwan zafi ya zubar inda bai kamata ba. Hankalin kowa kuma ya tattara a kan hannun da ƙafar da suka saki: a mulke su da man shanu, a gasa su da ruwan ɗumi, a kira wanzami ya kafa ƙaho.

Hannun nan lafiyarsa ƙalau, ƙafar ma haka. Naman yana nan, ƙashin yana nan, jini yana gudana a cikinsu kamar jiya. Ɓarnar a cikin kai ta auku, a ƙwaƙwalwa, inda ido ba ya gani kuma man shafawa ba ya kaiwa. A ganina rashin gane wannan abu guda shi ne tushen yawancin kurakuran da muke yi wa masu wannan ciwo, tun daga sa'ar farko har shekarun jinya. Shi ne kuma ya sa muke zuba ido ciwon ya iso, alhali da hanyar tare shi tun yana nesa.

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta cika kilo ɗaya da rabi ba, wato wajen kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa. Duk da haka ita kaɗai take cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. Ga ci, ga rashin ajiya: ba ta tanadin abinci ko iska don an jima, sai abin da jini ya kawo mata a lokacin. Manyan jijiyoyi huɗu ne ke kai mata jinin. Biyu suna bi ta gaban wuya, su ne za ka ji suna bugawa in ka ɗora yatsa a gefen maƙogwaro, biyu kuma suna bin ƙashin wuya ta baya. Da sun shiga kai sai su rarrabu zuwa ƙanana, ƙananan su sake rarrabuwa, har kowane lungu ya sami tasa.

Mai noman rani a ƙarƙashin madatsar Bakalori, wadda aka kammala a kan gulbin Sakkwato a 1978, ba ya bukatar dogon bayani a nan. Ya san ruwa daga babbar hanya yake shiga ƙananan magudanai kafin ya isa filin kowa, ya kuma san hanya biyu da fili ke rasa ruwa. Ko dai laka da ciyawa su toshe magudana, duk abin da ke gaba da wurin ya bushe, ko kuma ruwa ya yi ƙarfi ya fasa gefenta, ya malale inda ba a so, ya kwantar da shuka, na gaba kuma ya rasa. Haka abin yake a cikin kai. Wani lokaci gudan jini ne ko kitsen da ya daɗe yana taruwa a bangon jijiya ke toshe ta. Wani lokaci kuma jijiyar ce take fashewa, jini ya kwarara cikin ƙwaƙwalwa ya danne ta, tun da ƙoƙon kai ba ya buɗewa ya ba da wuri. Shinkafa tana jure ƙishi na kwanaki. Ƙwaƙwalwa mintuna kaɗan take jurewa. A 2006 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Jeffrey Saver, ya yi lissafin cewa idan babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ne ke mutuwa a kowane minti. Waɗanda ke tsakiyar wurin suna mutuwa da wuri. Na kewaye da su kuwa suna nan da sauran rai, suna ɗan samun jini daga jijiyoyin maƙwabta na wasu sa'o'i, kuma su ne likita yake rige-rigen cetowa.

Me ya sa ɓari ɗaya kawai yake shanyewa? Saboda igiyoyin saƙon da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi suna gittawa a can ƙasan ƙeya: na dama su koma hagu, na hagu su koma dama. Wanda hannunsa na dama ya mutu, a ɓarin hagu na kansa ɓarnar take. A wannan ɓarin na hagu ne kuma cibiyar magana take ga mafi yawan mutane, abin da likitan Faransa Paul Broca ya fara nunawa a 1861. Shi ya sa wanda ciwon ya kama ta dama ya fi yawan rasa magana. Yana ji, sau da yawa yana gane kowa, ya san abin da yake son faɗa, kalmar ce ta ƙi fita, ko ta fito a birkice. Mu kuwa sai mu ce ya zauce, ko mu ce ba shi ne ke magana ba, har mu riƙa tattauna mutuwarsa da rabon gadonsa a gabansa. Wannan na daga cikin abubuwan da suka fi ci mini rai a sha'anin wannan ciwo.

Ciwon ba baƙo ba ne a duniya, ba kuma alamar fushin Allah ba ce ga wanda ya samu. Abana ɗan Sayyidina Usman bin Affan, malamin hadisi kuma gwamnan Madina a zamaninsa, ya yi fama da shanyewar jiki a ƙarshen rayuwarsa. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayanin ciwon a littafinsa na likitanci kuma ya danganta shi da ƙwaƙwalwa. A 1658 wani likita Bature, Johann Jakob Wepfer, ya buɗe kawunan waɗanda ciwon ya kashe ya tarar da jini kwance a ciki. A yau shi ne na biyu cikin cututtukan da suka fi kisa a duniya, yana kama mutum wajen miliyan 12 kowace shekara, kuma an ƙiyasta cewa cikin kowane mutum huɗu da suka haura shekara 25, ɗaya zai gamu da shi kafin ya bar duniya.

Batun bayan gida da asuba ma yana da bayani. Ƙarfin bugun jini yakan sauka idan mutum yana barci, ya yi sama da sauri a lokacin farkawa, kuma binciken likitoci a ƙasashe da yawa ya nuna ciwon ya fi aukuwa da safe. Sanyin hunturu yana ƙara matse jijiyoyi, yunƙurin bayan gida ma yana ɗaga jini. Wurin da mutum yake fara zuwa in ya tashi, nan ne abin zai riske shi. Ba faɗuwar ce ta kawo ciwon ba, ciwon ne ya kayar da shi.

Abin da ya fi kamata mutanenmu su sani ya fito ne daga wani babban bincike mai suna SIREN da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan. An buga sakamakonsa a 2018. An ɗauki mutum 2,118 da ciwon ya kama, aka gwada su da wasu 2,118 masu lafiya, tsaransu. Kashi 68 cikin 100 toshewa ce ta same su, kashi 32 kuma fashewa. Wannan kaso na fashewa ya zarce na ƙasashen Turai nesa ba kusa ba, kuma fashewar ta fi saurin kisa. Kusan ɗaya cikin huɗu na majinyatan ba su kai shekara 50 ba, wato magidanta ne masu ciyar da gida da mata masu goyo. Da aka bi sawun musabbabi, hawan jini kaɗai yana da hannu a kusan kashi 90 cikin 100. Sauran abubuwan da suka biyo shi sun haɗa da yawan kitse a jini, ciwon suga, tumbi, cin nama kullum, ƙarancin cin ganye, ƙara gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa, ciwon zuciya, damuwa, zaman wuri ɗaya da shan taba.

Ke nan idan muna maganar shanyewar ɓarin jiki a ƙasar Hausa, maganar hawan jini muke yi. Kusan ɗaya cikin uku na manyan Najeriya yana da shi, kuma da yawansu ba su sani ba, don ba shi da zafi. Mutum zai yi shekara goma jininsa a sama yana noma, yana zuwa kasuwa, yana limanci, jijiyoyin kansa suna kauri suna taurara a hankali. Abin da muke cewa ya zo farat ɗaya, shekaru ya yi yana tahowa. Muna da wasu maganganu da ke taimaka masa. "Ai hawan jini ciwon masu kuɗi ne." Siririn manomi da bai taɓa ajiye tumbi ba yana iya samunsa, musamman in akwai shi a dangi. "Ni ba ni da tunani, me zai hawar mini da jini?" Damuwa tana ƙara shi, amma ba ita kaɗai ke kawo shi ba. Mafi haɗari ita ce ta uku: "Na sha magani jinin ya sauka, na warke." Jinin ya sauka ne saboda maganin yana jiki. Ranar da aka ajiye shi, jinin zai koma inda yake. Maganin hawan jini na kullum ne, da ciwon kai ko babu, da azumi ko ba azumi, sai dai likita ya mayar da lokacin shansa sahur ko buɗa-baki.

Tukunyarmu ma tana da nata laifin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a haɗa da na miya da na yaji da na ƙuli-ƙuli da na tsire. Dunƙulen ɗanɗanon da ake jefa uku ko huɗu a miya, kaso mai yawa na jikinsa gishiri ne. Kanwa ma tana ɗauke da sinadarin da ya sa gishiri ke ɗaga jini. A ɗaya gefen kuma akwai abin farin ciki, domin binciken SIREN ɗin nan ya nuna masu cin ganye kullum sun fi tsira. Zogale, rama, yakuwa, lalo, alayyafo, ga su nan a bayan gida da bakin fadama, kuma kwaɗon da wasu ke yi wa kallon abincin talaka ya fi farantin soyayyen nama amfani ga jijiyoyin kai. Sai kuma magungunan da ake saye a kemis ba da takardar likita ba. Ƙwayoyin ciwon jiki da leburori da manoma ke haɗiya kowace yamma, da irin waɗanda wasu mata ke sha don ƙiba, da yawansu suna ɗaga jini, wasu har suga. Masu aikin zinariya ma su lura: gubar dalma da ta hallaka ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010, a jikin babba hawan jini da ciwon ƙoda take haifarwa.

Akwai rukuni biyu da ba a cika kawo su a rai ba. Na farko masu ciki da masu jego. Jinin da ya hau a ƙarshen ciki, wanda ke zuwa da kumburin fuska da ciwon kai da ganin duhu-duhu, har ya kai ga jijjiga, yana iya fasa jijiya a kai kafin haihuwa ko a makonnin bayanta. Awon ciki da awon bayan haihuwa su ne ke kama shi. Na biyu yara masu sikila. Idan ba a ɗauki mataki ba, kusan ɗaya cikin goma na masu nau'in mai tsanani zai sami shanyewar jiki kafin ya kai shekara 20. A wannan fage likitocin Kano sun yi abin a yaba. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun nuna cewa ana iya auna gudun jini a kan yaro da wata na'ura da ake ɗorawa a gefen kai, ba allura ba yanka, a gano wanda ke cikin haɗari, a ɗora shi a kan ƙwayar haidiroksiyuriya, haɗarin ya ragu ƙwarai. Duk mai yaro mai sikila a Mafara ko Bakura ya kamata ya tambayi likitansa labarin wannan awo.

To idan abin ya zo fa? Alamarsa ita ce zuwa kwatsam. Ka ce wa mutumin ya yi murmushi, ka duba ko gefe ɗaya na bakin ya zube. Ka ce ya ɗaga hannu biyu ya riƙe su a sama, ka ga ko ɗaya zai sauka da kansa. Ka ce ya faɗi sunansa ko ya karanta Fatiha, ka saurara ko harshen ya yi nauyi ko kalmomin sun sarƙe. Ɗaya daga cikin ukun nan ya isa a nemi mota. Haka nan in ido ɗaya ya rufe nan take, ko jiri ya hana shi tsayuwa, ko wani ciwon kai da bai taɓa jin irinsa ba ya sauko masa tare da amai. A riƙe lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe, ko da da salla za a ƙiyasta, bayan Isha'i ne ko kafin La'asar, domin ita ce tambayar farko da likita zai yi. Wani lokaci alamun sukan zo su wuce cikin mintuna, hannu ya dawo, magana ta daidaita, gida ya ɗauki hamdala a ce abin ya sake shi. Gudan jini ne ya toshe ya wuce, kuma babban yakan biyo baya cikin kwanakin farko. Ranar ya kamata a je asibiti, ba a jira ranar kasuwa ba.

A cikin sa'ar farko ƙauna takan sa mu yi ɓarna. Ciwon yakan taɓa haɗiya, don haka ruwa ko kunu ko rubutun da aka ɗura wa majinyaci yana iya zarcewa huhu ba tare da ya ko yi tari ba, bayan kwana biyu zazzaɓi da ciwon huhu su tashi, su ne ma su kashe shi. Kada a ba shi komai ta baki sai ma'aikacin lafiya ya gwada haɗiyarsa. Kada a ba shi asfirin, don in fashewa ce ƙara zubar jinin zai yi, kuma babu mai iya bambance toshewa da fashewa da ido. Kada a kira mai kemis ya faɗar da jinin da ƙarfi, domin sashen ƙwaƙwalwar nan mai sauran rai da wannan ƙarfin jinin yake rayuwa. Saƙon da ke yawo a WhatsApp cewa a tsattsaga yatsu da allura jini ya ɗiga ba shi da tushe. A kwantar da shi ta gefe, a sassauta masa tufafi, a tafi. Ban ce a bar addu'a ba, kuma ba zan faɗa ba. Addu'a ba ta bukatar a tsaya a gida: a yi ta a mota, a yi ta a bakin gadon asibiti, malam ya biyo baya. Abin da nake roƙo shi ne kada a kwana uku ana turare da tofi, sai numfashi ya fara sarƙewa sannan a ce a gwada asibiti, in ya cika a can kuma a ce dama ba ciwon asibiti ba ne.

Hoton ƙwaƙwalwa na siti-sikan, wanda aka fara ɗaukar majinyaci da shi a Landan a 1971, shi ne ke raba gardama tsakanin toshewa da fashewa. In toshewa ce, akwai allurar da ke narkar da gudan jinin, wadda Amurka ta amince da ita a 1996, amma sai an yi ta cikin awa huɗu da rabi da farawar ciwon. Tun 2015 kuma aka tabbatar da amfanin zura siririyar waya ta jijiya a zaro gudan. Gaskiyar da ba ta da daɗi ita ce, a duk faɗin Najeriya ƙalilan ne ke samun waɗannan. Na'urar hoton ba a kowane asibiti take ba. Mafara tana kusan tsakiyar hanyar Gusau da Sakkwato, don haka wanda aka tura gaba, ko dai ya nufi Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, ko ya nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda ake da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa. Kafin nan sai an fito daga ƙauye. Kowa ya san halin da yankin yake ciki: an sace ɗalibai a Jangebe a Fabrairun 2021, da Kwalejin Noma ta Bakura a Agustan shekarar, da makarantar Kaya ta Maradun a Satumba, watan da aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya. Wanda ciwon ya kama da tsakar dare a wani ƙauye bayan Maradun, iyalinsa za su jira gari ya waye, kuma babu mai adalcin da zai ga laifinsu.

Mai karatu zai iya cewa, in allurar ta fi ƙarfinmu, gaggawar ta mece ce? Ta abubuwa da yawa ce. Faɗuwar suga a jikin mai shan maganin suga tana kwaikwayon wannan ciwo sak, kuma digon jini ɗaya daga yatsa zai nuna ta, a gyara cikin mintuna. Sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai ma suna iya rikitar da mai kallo. Bayan haka, da yawa daga waɗanda ke mutuwa a makonnin farko ba ɓarnar ƙwaƙwalwar ce kai tsaye ke kashe su ba. Ciwon huhu ne, da ƙishirwa, da gyambon kwanciya, da gudan jinin da ke taruwa a ƙafar da ba ta motsi. Tun shekarun 1990 bincike ya yi ta nuna cewa majinyatan da aka tara a ɗaki ɗaya, ƙarƙashin ma'aikatan jinya da aka horar a kan wannan ciwo, sun fi rayuwa kuma sun fi komawa gida da ƙafarsu. Abin da ake yi a ɗakin ba tsafi ba ne: gwada haɗiya, sa robar abinci ta hanci in ta kama, sauke zazzaɓi, daidaita suga, lura da jini, juya majinyaci, tayar da shi zaune da wuri. Ban ga abin da zai hana a ware gadaje kaɗan don wannan a manyan asibitocin Mafara da Bakura da Maradun ba. Horo yake bukata da kulawa, fiye da gini.

Jinyar gaske a gida take farawa, kuma a kan mata take sauka, matar aure ko 'ya ko suruka, galibi ba wanda ya nuna musu yadda ake yi. A riƙa juya majinyaci duk bayan awa biyu, a tsane masa jiki, a duba ƙugu da diddige da kafaɗa. A zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci, kaɗan-kaɗan, kuma abu mai kauri ya fi tsinkakken ruwa sauƙin haɗiya ga da yawansu. Kada a ɗaga shi ta hannun da ya mutu, don kafaɗar tana gocewa ta bar shi da ciwo na shekaru. A riƙa motsa gaɓoɓin a hankali kowace rana yadda likitan gashin ƙashi ya nuna, a kuma bar shi ya yi wa kansa abin da zai iya, ko da zai ɓata lokaci. Ƙwaƙwalwa tana koyon sababbin hanyoyi, sashen da ya tsira ya karɓi wani abu na aikin wanda ya mutu, amma sai da maimaici, kuma an fi samun ci gaba a watanni uku zuwa shida na farko. A makonnin farko kumburin cikin kai yakan sabe da kansa, yatsu su fara motsi, kuma duk maganin da ake sha a lokacin shi ke karɓar yabon. Da haka ake sayar da akuya da gona a biya mai magani, a bar ƙwayar hawan jini mai araha, har ciwon ya dawo karo na biyu, wanda yakan fi na farko muni.

Kusan ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo suna faɗawa cikin baƙin ciki mai tsanani, wasu kuma kuka ko dariya kan kufce musu ba da nufi ba. Duka daga ciwon ne, kuma ana maganinsu. Mutumin da jiya shi ke yanke magana a gida, yau ana yi masa tsarki, ba ƙaramin abu yake haɗiyewa ba. A fito da shi zaure, a kai shi masallaci ko a kan kujera ne, a nemi shawararsa a kan gona da auren 'ya'ya. Addini ya sauƙaƙa masa salla a zaune ko a kwance, mu ma kada mu tsananta masa da ɓoyo.

Duk wanda ya auna nisan hanya da tsadar hoto da wahalar jinya zai gane cewa a yanki irin namu, wurin da za a ci nasara a kan wannan ciwo shi ne kafin ya zo. An gwada hakan a karkarar ƙasar Sin, a ƙauyuka 326 da mutum kusan 34,000. Ba manyan likitoci aka tura ba. Ma'aikatan lafiya na ƙauye aka horar, aka ba su na'urar awo da ƙa'idar ba da magani, aka sauƙaƙa kuɗin ƙwayoyin, suna bin mutane suna tunatar da su. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna shanyewar jiki ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a shekara uku. Muna da irin waɗannan ma'aikata, Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe tana yaye su. Muna da kasuwar Talata da ke tara mutanen ƙananan hukumomin nan uku kowane mako. Muna da masallatan Juma'a, da masarautun Mafara da Bakura da Maradun waɗanda in sun yi kira ana amsawa. Tebur ɗaya da na'ura ɗaya da littafin rubuta suna a ƙofar kasuwa ko harabar masallaci ba su fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma ba. Sai dai awo ba tare da magani ba tsoratarwa ce kawai, don haka wajibi ne gwamnatin jiha ta tabbatar ƙwayoyin hawan jini ba sa yankewa a ƙananan asibitoci, kuma a farashin da manomi zai iya saye wata bayan wata. Limamai ma suna da rawar takawa: huɗuba ɗaya kusa da 29 ga Oktoba, ranar da duniya ta ware don wannan ciwo, za ta isa kunnen da rediyo bai isa ba.

Kai kuma mai karatu, namiji ko mace, in ka kai shekara 30, ka je a auna jininka cikin makon nan ko da ba ka jin komai. Ka sa a rubuta maka lambobin biyu a takarda. In sun kai 140 bisa 90 ko sun wuce, ka koma wata rana a sake aunawa, in har yanzu suna sama ka ga likita, ka fara magani, kada ka ajiye shi sai da izininsa. Ranar da za ka je, ka tafi da mahaifiyarka da mahaifinka in suna raye.